Makullin Gas ɗin Sarayebo: Yadda Aka Yi Ta Gyaran Bututu Ana Ruwan Harsashi

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari suka saurara ba, da waɗanda suka fi son karatu.

Yau tarihi zai kai mu Turai, birnin Sarayebo, babban birnin ƙasar Bosniya. Idan ana labarin yaƙi, an fi kawo mana janar-janar da tankoki da teburin sulhu. Ni yau a kan bututun iskar gas zan yi magana, da mutanen da suka yi ta lallaɓa shi ana harbi. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne: a harkar gas, ranar da bututu ya fashe akwai haɗari, amma ranar da aka dawo da gas ɗin ta fi haɗari. Ku biyo ni ku ji dalili.

Bari mu fara da yadda gas ya shigo garin.

Sarayebo a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, kogin Miljacka ya ratsa tsakiyarta. Lokacin sanyi a can ba irin hunturunmu ba ne da za ka ja bargo ka sha shayi ya wuce. Dusar ƙanƙara ce, ma'aunin zafi yana sauka ƙasa da sifiri, ruwa yana daskarewa a cikin famfo. A da, da kwal da baƙin mai ake ɗumama gidaje, hayaƙin kuma ba shi da hanyar fita saboda duwatsun, sai ya kwanta a kan garin kamar murfin tukunya. Wannan ne ya sa a shekarun 1970, lokacin Bosniya tana cikin tarayyar Yugoslabiya, aka karɓi rancen Bankin Duniya don rage gurɓatar iska. Aka kafa kamfanin Sarajevogas a 1975, zuwa ƙarshen shekarun aka shimfiɗa bututu. Duk wannan kafin garin ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1984.

To ku lura da hanyar da gas ɗin yake bi. Daga Tarayyar Sobiyet yake tasowa, ya ratsa Yukiren, ya shiga Hangari, ya gangaro Sabiya, ya tsallaka kogin Drina a garin Zvornik, ya bi ta Kladanj, sannan ya iso Sarayebo. Bututu ɗaya tak. Babu na biyu, babu rumbun ajiya. Lokacin zaman lafiya babu wanda abin ya dama, tunda Sabiya da Bosniya ƙasa ɗaya ce.

Sai Yugoslabiya ta wargaje. Bosniya ta ayyana 'yancin kai a 1992, sojojin Sabiyawan Bosniya suka hau duwatsun nan da manyan bindigogi suka yi wa birnin ƙawanya. Daga 5 ga Afrilun 1992 har 29 ga Fabrairun 1996, kwana 1,425. A matsakaicin lissafi, harsashin igwa 329 ne ke faɗa wa garin kullum. Ranar 22 ga Yulin 1993 kaɗai an ƙirga 3,777. Sama da mutum dubu 11 aka kashe, a cikinsu yara sama da 1,500. Mutum sama da dubu 300 kuma suna ciki, ba shiga ba fita.

Sanyin farko, na 1992 zuwa 1993, shi ya nuna wa mutane inda aka dosa. Babu lantarki, ruwa sai an je layi da jarka, tagogi duk sun farfashe an lilliƙa leda. Aka sare bishiyoyin lambunan gari da na bakin titi. Da suka ƙare aka koma ƙona kujeru, da katakon daɓen ɗaki, da tsofaffin takalma, da littattafai. A wani gidan kula da tsofaffi da ke unguwar Nedžarići, sanyi ne ya kashe wasu daga cikinsu a kan gadajensu a watan Janairun 1993.

A cikin wannan hali, abu ɗaya ne yakan zo jefi-jefi: gas. Za ku ce, yaya maƙiyinka zai bar maka gas? Amsar tana cikin taswirar bututun. Zvornik tana hannun Sabiyawa. Kladanj tana hannun gwamnatin Bosniya. Babbar tashar rage matsi da rarraba gas ta Butila, a gefen Sarayebo, tana hannun Sabiyawa. Kuma unguwannin da Sabiyawan ke riƙe da su, irin su Ilidža, su ma daga wannan bututu suke sha. Wato kowa yana riƙe da wani yanki na igiyar. Shi ya sa ba a tarwatsa babban bututun gaba ɗaya ba. Abin da aka yi shi ne aka mayar da bawul, wato makullin bututun, ya zama makami. Yau a buɗe, gobe a rage, jibi a rufe ruf, gwargwadon yadda siyasa da fagen daga suka kaya.

Matsalar ita ce, kafin yaƙi gidaje kaɗan ne aka ja wa gas kai tsaye. Yawancin benaye daga manyan tukwanen ɗumama ruwa na unguwa suke samun zafi, su kuma waɗannan ba sa aiki sai da lantarki da ruwa. Hausawa suka ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutane suka fara jan gas da kansu. A huda bututu a jona tiyon ban ruwan fulawa, ko bututun famfo, ko duk wata roba da aka samu, a ɗaure da waya, a bi da ita ta matakalar bene ko ta taga. Murhu kuma a ƙera shi da gwangwani ko guntun ƙarfe. Ka tuna yadda ake jan wutar sata a wasu unguwanninmu, sai dai wannan abin da ke cikin tiyon, tartsatsi ɗaya yake jira.

A nan sai na ɗan yi mana darasin kimiyya, don sai da shi za a gane sauran labarin.

Gas ɗin bututu ba irin na silindar da muke girki da shi ba ne. Na silinda ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Na bututu yawancinsa metan ne, ya fi iska sauƙi, sama yake yi ya taru a ƙarƙashin silin. Metan ba ya fashewa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado: tsakanin kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100. Ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka babu isasshiyar iskar da za ta ci wutar. Ma'ana, bututun da ke cike maƙil da gas ya fi aminci a kan bututun da rabinsa gas rabinsa iska.

Abu na biyu: metan ba shi da wari ko kaɗan. Wannan ɗoyin da kake ji idan gas yana yoyo, zuba shi ake yi da gangan, wani sinadari ne mai sulfa a ciki, irin su makaftan. An koyi wannan darasi da tsada. Ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London na jihar Texas a Amurka, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta, ya tashi da ita, ɗalibai da malamai kusan 300 suka mutu. Bayan nan ne jihar ta yi dokar dole a sa wa gas wari, sauran duniya ta bi sahu.

To a Sarayebo lokacin yaƙi, gas ɗin da yake isowa gidaje sau da yawa babu wannan wari, domin tsarin zuba sinadarin ya tsaya. Ka haɗa abu uku ke nan: tiyon roba da aka ɗaure da waya, gas marar wari, da bawul da wani yake buɗewa da rufewa ba sanarwa.

Ku kwatanta abin a ranku. Uwa ta kunna murhu da dare don yara su ji ɗumi. Can cikin dare aka rufe bawul, matsi ya faɗi, wutar murhu ta mutu da kanta. Makunnin murhun yana nan a buɗe, kowa yana barci. Da asuba aka sake buɗe bawul. Gas ya dawo yana fita ta murhun da babu wuta, ɗaki a rufe an toshe kowace kafa saboda sanyi, hanci bai ji komai ba. Wani ya farka ya ƙyasta ashana zai kunna kyandir. Shi ke nan. Ta irin wannan hanya gidaje suka yi ta fashewa a garin, mutane suka ƙone, wasu suka mutu, ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Ga kuma kabon monoksaid, gubar da murhun da ba ya ci da kyau yake fitarwa a rufaffen ɗaki, mai kashe mutum cikin barci.

Yanzu mu zo kan masu gyara.

Gyaran bututun gas, ko a ina ne, yana da matakai, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Na farko, a rufe bawul gaba da baya, a ware yankin da ya lalace. Na biyu, a auna iskar wurin da na'ura, a tabbatar gas ɗin ya watse, domin walda wuta ce, ba a kai ta inda gas yake. Na uku, a tona, a yanke inda ya fashe, a sa sabon guntu: idan ƙarfe ne a yi walda, idan roba ce a narka bakunan a haɗe su. Na huɗu, gwaji: a cika bututun da iska ko naitirojin, a sa ma'auni, a jira a ga ko allura za ta sauka, a shafa kumfar sabulu a mahaɗai a ga ko za ta yi ƙwai. Na biyar, a kore iskar da ta shiga bututun, a tura ta waje ta wata kafa har sai gas zalla ne ke fita. Na shida, wanda ya fi cin rai: a bi gida-gida a tabbatar kowane makunni a rufe yake, sannan a saki gas a hankali, a kunna wa kowa ɗaya bayan ɗaya.

To ɗauki waɗannan matakai shida ka kai su garin da maharba ke kan benaye da duwatsu suna harbin duk abin da ya motsa. Mai walda ba ya iya ɓuya, hasken waldarsa daga nesa ake hango shi. Mai tona rami a tsakiyar titi yake. Wani bawul ɗin yana tsakanin ramukan mayaƙan ɓangare biyu, sai an nemi izini daga kowane gefe, sai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi rakiya da mota mai sulke, wani lokaci sai an fara cire nakiyoyi. Kayan gyara babu, man mota babu. Mataki na shida kuwa, ta yaya za ka bi gida-gida alhali ba ka san adadin gidajen da suka jona ba? Taswirar da ke ofis ta kafin yaƙi ce, abin da ke ƙasa ya riga ya canza. Kuma ka gama gyara yau, gobe wani harsashin ya faɗo a wurin. Haka ma'aikatan Sarajevogas suka yi ta fama shekara kusan huɗu.

A farkon 1993 wani Ba'amurke ɗan Texas ya iso garin, sunansa Fred Cuny. Wannan mutumi yana da alaƙa da mu: a yaƙin basasar Najeriya, wajen jigilar kayan agaji ta sama zuwa yankin Biyafara a ƙarshen shekarun 1960, a nan ya fara aikin agaji. Daga baya ya kafa kamfaninsa mai suna Intertect, ya yi aiki a wuraren bala'i da dama. Attajiri George Soros ya ware dala miliyan 50 don taimakon Bosniya a ƙarshen 1992, da wani kaso na kuɗin Cuny ya yi aiki tare da ƙungiyar agaji ta IRC da injiniyoyin garin.

An fi saninsa da injin tace ruwan da aka ɓoye a cikin wata hanyar mota da ta ratsa ƙarƙashin dutse. Amma abin da aka yi a kan gas shi ya fi jan hankalina. Ba a tsaya ana yi wa mutane wa'azin su daina jan gas ba. Wanda 'ya'yansa ke karkarwar sanyi ba zai ji wannan ba. Sai aka ce, tunda za su ja, bari a ba su abin da za su ja da shi lafiya. Aka shigo da bututun roba mai ƙarfi, irin wanda aka yi don gas, tsawon kilomitoci masu yawa, a cikin jiragen agaji da ke sauka a filin jirgin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke riƙe da shi. Mutanen unguwa, dubbansu, su suka fito da diga da shebur suka tona ramukan da kansu, ma'aikata suka shimfiɗa suka haɗa. Aka kuma ƙera ƙananan murhu a cikin garin, masu ɗumama ɗaki a kuma yi girki a kansu. Unguwannin da ba su taɓa ganin gas ba suka samu a tsakiyar yaƙi.

Shi Cuny bai ga ƙarshen labarin ba. A watan Afrilun 1995 ya ɓace a Checheniya, inda ya je wani aikin agajin, har yau ba a ga gawarsa ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta gane cewa bututu da waya ba ƙaramin al'amari ba ne. A watan Maris 1994 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 900, aka naɗa jami'i na musamman, William Eagleton, don maido da ruwa da wuta da gas da sauran abubuwan more rayuwa a Sarayebo. An yi gyare-gyare a 'yan watannin da aka samu sauƙin harbi. Amma makullin yana nan inda yake. A 1995 da faɗa ya sake zafi, aka rufe gas ɗin wata da watanni. Kun ga iyakar aikin injiniya ke nan: zai iya toshe kowace huda a cikin gari, amma idan an murɗe daga sama, bututunsa fanko ne.

Ga inda labarin ya kai ƙololuwa. Ranar 5 ga Oktoban 1995, bayan zirga-zirgar jakadan Amurka Richard Holbrooke, shugaba Bill Clinton ya sanar cewa an amince da tsagaita wuta a duk faɗin Bosniya daga ranar 10 ga wata. Amma gwamnatin Alija Izetbegović ta sa sharaɗi: sai an dawo wa Sarayebo da gas da lantarki tukuna. Sanyi na huɗu yana ƙofa, sun san abin da suke faɗa. Ranar 10 ta zo ba a fara ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kamfanin Gazprom na Rasha ya ja ƙafa wajen sakin gas ɗin, yana maganar bashin sama da dala miliyan 100 na gas ɗin da aka sha lokacin yaƙi. Sai da aka kai ruwa rana tsakanin Washintan da Mosko kafin aka buɗe. Ko da aka buɗe, gas ba lantarki ba ne da za a danna ya kawo nan take. Bututun da ya yi watanni babu matsi, sai an cika shi sannu a hankali, ana dubawa. Tsagaita wutar ba ta fara aiki ba sai ranar 12 ga Oktoba. Ku duba fa: yaƙin da ya ci rayuka kusan dubu 100, tsayawarsa ta jira bututun gas. Daga nan aka tafi Dayton a watan Nuwamba, aka sa hannu a Faris ranar 14 ga Disamba.

Da yaƙi ya ƙare, tsugune ba ta ƙare wa masu gyara ba. Yawan gidajen da ke jone da gas ya ninka na kafin yaƙi sau da yawa, kuma kaso mai yawa jonin gargajiya ne. Da tallafin Bankin Duniya da wasu ƙasashe aka shafe shekaru ana bi layi-layi: a cire tiyo a sa bututu na gaskiya, a sa mita, a sa na'urar daidaita matsi, a dawo da wari, a sake zana taswira. Kotun duniya da ke Heg ta yanke wa Janar Stanislav Galić ɗaurin rai da rai, Dragomir Milošević kuma shekara 29, saboda luguden wuta da harbin fararen hula a garin. Bashin gas ɗin kuwa, shekara da shekaru ana biyansa.

Wani abu guda bai canza ba: bututun har yanzu ɗaya ne. A watan Janairun 2009, da Rasha da Yukiren suka yi rigima a kan kuɗin gas aka rufe hanya, dubban gidaje a Sarayebo suka wayi gari babu ɗumi a tsakiyar sanyi, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Tun 2021 gas ɗin ya koma biyowa ta Turkiyya da Balgeriya, amma har yau ta Sabiya da Zvornik yake shigowa.

Me ya sa na ga ya dace mu san wannan tarihi? Saboda mu ma bututu yana tafe. Aikin AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, an ƙaddamar da shi a 2020, kuma akwai maganar wanda zai ratsa Nijar ya kai Aljeriya. Hanyar ta bi ta wuraren da duk mun san halin tsaronsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyin da Sarayebo ta amsa da jini, mu muna da damar yin su da baki tun yanzu. Bawul nawa ne a kan hanyar, kuma wa ke tsaron su? Idan aka fasa wani yanki, mutanen ƙauyen da ke kusa sun san wa za su kira, sun san su yi nesa kada su kunna komai? An horar da matasan yankin aikin walda da gwajin bututu, ko sai an jira wasu daga nesa? Idan gas ya fara shiga masana'antu da unguwanni, wa zai tabbatar yana da wari, wa ke riƙe da taswira?

Kafin nan, ga wanda ya shafi kowa yau. Idan kana girki wutar risho ta mutu da kanta, fara rufe makunni kafin komai. Idan ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin lantarki, kada ka ƙyasta ashana, buɗe ƙofa da taga, rufe kan silinda, fitar da yara. Tiyon da ya tsattsage a canza shi, kada a naɗe shi da leda.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana ra'ayinku, musamman injiniyoyi da masu walda da masu sayar da gas da ke cikinmu, ku kuka san abin a aikace. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.